Otal Ɗin da Na Ƙi Sauka

Gusau,
ranar Laraba.

Zuwa ga ɗiyata Inna, takwarar mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina gaida mijinki Malam Nasiru da yara. Allah Ya tsare ki a hanyar da za ki bi, ta ƙasa da ta sama, Ya sauke ki Accra lafiya, Ya dawo mana da ke riƙe da abin da kika je nema.

Za ki yi mamakin wasiƙa daga mutumin da kike zuwa dubawa kullum da la'asar. Ke kika ja. Duk lokacin da na buɗe baki zan yi doguwar magana, sai ki ɗaura mini abin awon jini ki ce, "Baba, yi shiru tukuna." Kafin ki kwance shi numfashina ya ƙare, maganar ta gudu. Alƙalami kuwa ba ya haki. Ina rubuta kaɗan in huta, babu mai katse ni. Gidan ma shiru ne, daga ni sai rediyo.

Albishirinki. Jiya na je Tsafe wurin wana, Babanki Alhaji Bawa, kuma ya janye maganarsa. Za ki je jarrabawarki ta ƙwarewa a aikin likita. Za ki sauka a ƙaramin otal ɗin nan mai rahusa da kika nuna mini a waya, na kusa da wurin jarrabawar, ke da abokiyar aikinki Dakta Maryama a ɗaki ɗaya. Ba za ki sauka gidan danginmu na unguwar Nima ba, kamar yadda ya kafe. Na ji kin ce wa mijinki gara ki fasa bana, da a ce kin saɓa wa manya, ga kuma tsoho ba lafiya. Kada in sake jin wannan. Yadda na yi da Babanki zan gaya miki a ƙarshe. Amma sai kin fara jin abin da ya sa na ɗauki ƙasusuwan nan nawa na sa su a mota.

Ina saurayi, bayan na gama makaranta, sunana ya fito cikin waɗanda za a yi wa intabiyu a Ikko, don a tura su ƙasar waje karatun likitan dabbobi. A lokacin Ikko ce babban birnin ƙasa. Shugaban makarantarmu ya ba ni takardar shiga, da kuɗin masauki a ambulan, da wata 'yar takarda da ya rubuta sunan wani ƙaramin otal. Ya ce, "Garba, ba shi da kyan gani, amma akwai ruwa, akwai makulli, kuma daga ƙofarsa kana hango ofishin. Nan za ka sauka."

Na zo Bungudu yin sallama. Kakanki yana limancin unguwarmu a lokacin. Yaya Bawa na jin kalmar otal ya ajiye kofin furar da ke hannunsa. Ya ce, "Otal? Ɗan liman? Mi kake so a ce da mu a garin ga? Wurin mashaya da matan banza? Ga Alhaji Ɗan'azumi mai goro a Agege, mutumin garinmu, ko ɗakin kwanansa kake so sai ya fita ya bar maka."

Ba zan ɗora wa Yaya laifin duka ba. Maganar ta yi mini daɗi. Na ji ni ɗan mutunci ne, na kuma yi tunanin kuɗin ambulan za su zauna a aljihuna. Ba su zauna ba. Ba a shiga gidan mutum hannu rabbana, don haka na sayi turare, da turmin zane na maiɗakin Alhaji, da man shanu. Kafin in hau jirgin ƙasa a Gusau ambulan ya zama fanko. Ki riƙe wannan tun yanzu: masaukin da ake ce wa kyauta shi ma yana da farashi, sai dai ba a rubuta shi a bango.

Alhaji Ɗan'azumi, Allah Ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Ya karɓe ni kamar ɗan cikinsa. Aka yanka kaza. Mutanen Zamfara da ke zangon suka yi ta zuwa ganin yaron da za shi Turai. Ina da kwana guda a tsakani, wanda ya kamata in je in ga ofishin da idona. Ranar ta ƙare a yawon gaisuwa, daga rumfar goro zuwa rumfar goro. Na tambaye shi ko wurin da nisa. Ya ce, "Ina! Nan ne kusa, bas ɗaya." Ba ƙarya ya yi niyya ba. Mai masauki ba ya ce wa baƙonsa wuri da nisa, kada ya zama kamar yana korarsa.

Abin da ban sani ba sai da na iso, maiɗakinsa ta haihu, kuma ranar suna ta faɗo daidai ranar intabiyu. Ƙarfe tara aka ce mu hallara. Na yi asuba, na sa fararen kayana da na goge, na ɗauki takarduna. Alhaji ya riƙo hannuna a zaure. "Haba ɗan liman! Ga ka a gida, wa zai yi muna addu'a in ba kai ba? Minti biyar ne." Na zauna a tabarma. Aka jira wani dattijo. Aka jira rago. Aka raɗa suna, na yi addu'a, aka raba goro. Na miƙe, Alhaji ya ce, "Ba ka fita gidana da yunwa a ranar suna, sai dai in zagina kake so a yi." Inna, ina kallon agogon hannuna yana tafiya, ina shan koko, kuma bakina ya kasa furta kalma ɗaya: a'a. An koya mini turanci da lissafi da sunayen ƙasusuwan saniya, ba a koya mini yadda baƙo ke ce wa mai gida a'a ba.

Bas ɗin ba ɗaya ba ne, uku ne. Ruwan sama ya sauko. Motoci suka cushe a bakin gada, ko gaba ko baya. Na sauka na yi gudu da ƙafa, fararen kayana suka koma kalar ƙasa. Na isa ana shirin azahar. Wani dattijon masinja a ƙofa ya dubi takardata, ya dube ni, ya ce an kira sunana sau uku, masu intabiyun sun tashi. Duk wanda ya shiga an buga wa takardarsa hatimi. Tawa ba a buga mata komai ba.

Na juyo, sai ga otal ɗin a tsallaken titi, sunan da shugabanmu ya rubuta yana jikin allo. Wani ɗan gini mai hawa ɗaya, fentinsa ya koɗe. A barandarsa samari biyu 'yan Arewa suna alwala da buta. Ɗayan tare muka zauna a jirgi. Ya ce, "Malam Garba, ina ka shiga? Ni fa har na je na manta hulata, na dawo na ɗauka, na koma ba a fara ba." Na tambaye shi mashayan fa. Ya yi dariya. Ya ce mai wurin wata tsohuwa ce, shayi da burodi kawai take sayarwa.

Da na dawo Bungudu na ce, "Allah bai yi ba." Kowa ya ɗauka na shiga na faɗi. Na bar su a haka, don kada sunan Alhaji ya ɓaci, kuma don faɗuwa ta fi mini sauƙin faɗa da wauta. Mahaifiyarki kaɗai na gaya wa, ta kuma tafi da shi kabarinta. Sai dai duk ranar da na yi jinkirin fita, sai ta leƙo ta ce, "Malam, ko an yi haihuwa a Agege ne?" Kun sha jin wannan kuna yara, ba ku san ma'anarsa ba.

To ga abin da na saya da tsada, na ba ki kyauta. Wanda ya je gari don abu ɗaya, ya kwana inda ƙafarsa za ta kai shi wurin abin. Ba mota ba, ƙafa. Ki isa da kwana biyu a hannu. Washegarin saukarki, a irin lokacin da za ki fita ranar jarrabawa, ki taka daga ƙofar otal zuwa ƙofar zauren, ki duba agogo, ki ga ƙofar da ake shiga, ki ga mai gadi ya gan ki. Kuma mutanenmu na Nima kada su san kin iso sai kin ajiye alƙalami. Ba don mugaye ba ne. Don masu kirki ne. A otal kuɗinki kika biya, ba mai jin haushi don kin rufe ƙofa kina karatu, ba mai cewa ki fito ki gaida surukar maƙwabciya.

Kada ki ce na zauna ina kuka shekara hamsin. Na yi aikin malamin dabbobi har na yi ritaya. Babu garken da ban sa wa allura ba tsakanin Wonaka da Kucheri, kuma har yau akwai Fulanin da ke kawo mini nono. Da wannan aikin na biya miki makaranta. Amma wanda ya taɓa ƙonewa yakan wuce gona da iri wajen gudun wuta, ni ma haka na yi.

Shekarun baya da muka je Abuja tantance 'yan fansho, na rantse ba gidan wanda zan sauka. Na nemi otal mafi kusa kuma mafi araha, na miƙa kuɗin kwana uku a kan teburi tun ban ga ɗakin ba, ina jin kaina wayayye. Aka kai ni. Tagar ɗakin tana kallon janareta, hayaƙinsa na shigowa kamar an gayyace shi. Na murɗa famfo, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Sakatar ƙofa kuwa ƙusa ɗaya ke riƙe da ita. Na koma na ce a canza mini, matar da ke wurin ta ce, "Baba, ai ka riga ka biya." Araha ba ta ado, na sani, amma akwai arahar talaka mai tsafta, akwai ta wulaƙanci. Hoton da kika nuna mini a waya yana da kyau, labule ja, gado fari. Hoto ba ya wari, ba ya ƙara. Kafin ki tura musu komai ki kira su, ki ce su zaga da wayar ki ga ɗakin yadda yake yau. Ki nemi wata likitar da ta taɓa kwana a can ki ji daga bakinta. In sun nace sai an kama ɗaki, ki biya na kwana ɗaya, sauran sai kin gani da idonki. In kin isa, ki bar jakarki a hannun Maryama, ki shiga, ki murɗa famfo, ki kunna fanka, ki ja ƙofa da ƙarfi. Ki tambayi inda janareta yake, ki zaɓi ɗaya ɓangaren. Ki nemi bene, kada ki yarda da ɗakin da ke bakin hanyar kowa. Kuma ki karɓi rasit, ko da mai wurin ya yi miki murmushi har kunne.

A wannan tafiyar dai na yi wata wautar da har yau nake istigfari a kanta. Gari ya yi hadari kwana biyu, ban ga rana ba. Na ji nauyin tambayar matar nan gabas, wai ni ɗan liman. Na dubi yadda aka ajiye gado na yanke hukunci. Sai rana ta uku da gari ya washe na ga ashe kudu nake ta kallo. Ke wayarki tana nuna alƙibla, na gani. Duk da haka ki tambaya, matambayi ba ya ɓata. Ki tafi da butarki ƙarama da dardumarki, kada ki dogara da nasu. Ki kuma tambayi lokacin da ake barin ɗaki. Ni ban tambaya ba. Na dawo daga layin tantancewa da la'asar na iske jakata a ƙofa, wandona na leƙowa ta gefe, mutane na wucewa.

Cikinki kuma ki kula da shi. Ni a ranar farko na ga wata miya ja a gidan abinci na ce bari in nuna ni ma na yi yawo. Ba zan ba likita labarin abin da ya biyo baya ba, ga famfo babu ruwa. Ki tambaya ko kuɗin ɗakin ya haɗa da karin kumallo. In bai haɗa ba babu damuwa. Na sa an daka miki garin kunu, ga dambun nama da ƙuli-ƙuli da zuma. Ruwan zafi kawai za ki nema. Abincin Accra yana nan, ki ci shi bayan jarrabawa har ki ba ni labari. Fasfo da katin rigakafi da takardar shiga su zauna a jikinki, ba a jaka ba, ba a ƙarƙashin matashi ba.

Yanzu ga labarin Tsafe. Malam Nasiru ne ya kai ni, na hana shi gaya miki. Muka bari rana ta ɗaga, kin san hanyar yanzu. Na iske Yaya a zaure, ya miƙe ƙafa, carbi a hannu. Ya dube ni ya ce, "Garba, kai da ko masallaci sai an riƙa ka, mi ya fito da kai?"

Na ce, "Maganar Inna."

Ya ce, "An gama wagga magana. Ɗiyar gidanmu, matar aure, a otal? Ga jikokin ƙanwar Baba a Nima, gida guda. Mu da munka san mutunci ba mu yin haka. Kai kanka da za ka Ikko, ina anka sauke ka? Ba gidan mutane ba? Mi ya same ka?"

Shekara hamsin ina jiran wannan tambaya ban sani ba. Na sa hannu a aljihu na ciro takardar shigar, ta yi ja don tsufa, na miƙa masa. Ya sa tabarau, ya juya ta gaba da baya. Ya ce, "Mi zan gani?"

Na ce, "Hatimi."

Ya ce, "Babu."

Na ce, "To ban faɗi ba, Yaya. Ban shiga ba. Ina Agege ina addu'ar suna."

Na ba shi labarin tun daga kofin furar da ya ajiye har barandar tsohuwa mai shayi. Ban ɗaga murya ba, ba ni da ita ma. Malam Nasiru ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Carbin Yaya ya tsaya. Can ya ce, "Kuma ka bar ni duk shekarun ga ina ce wa mutane turancin ne ya fi ƙarfinka?"

Na ce, "Ashe haka kake cewa?"

Ya ce, "To mi zan ce?" Sai dariya ta kama shi, ta kama ni, muka yi ta yi har tari ya sarƙe mu, tsofaffi biyu ba mai iya bubbuga bayan wani. Da ya lafa ya share idonsa da hannun riga, kuma ba na dariya kaɗai ba ne. Ya ce, "Garba, ka yafe mini." Na ce tun a jirgin dawowa na yafe, ni ne ban yafe wa kaina ba.

Kin san Babanki ba ya sauka daga doki sai ya ce dama nan zai sauka. Ya gyara zama ya ce, "To ga sharaɗina. Wurin da ba a sayar da giya. Kuma in ta gama ta je Nima ta gaishe su, ta kwana guda in ta so." Na ce wannan ai shi ne tsarinmu tun farko. Ya juya wurin mijinki ya ce, "Kai kuma, ka tabbata tana hango ƙofar wurin daga tagarta. In ba ta hango ba a sake wani." Malam Nasiru ya ce, "To, Baba." Inna, da ina da ƙafa da na taka rawa a zauren nan. A mota na ci ƙosai har guda huɗu, kada ki yi faɗa, an riga an ci.

Saura maganata ni. Na san abin da ya fi riƙe ki ba Tsafe ba ne, ni ne. Kwana shida ne. Malam Nasiru zai riƙa zuwa da la'asar, na nuna masa ƙwayar safe da ta yamma, ya rubuta. Gidan zai ƙara shiru, ba zan ɓoye miki ba. Tun rasuwar mahaifiyarki sallamarki ce ke raba mini yini biyu. Amma in kika zauna saboda ni, kin mai da ni Alhaji Ɗan'azumi, mai riƙe hannun mutum a zaure don ƙauna. Ni an riƙe nawa. Ba zan riƙe naki ba. Ko kin ji an ce jikina ya motsa, ki gama rubutunki tukuna. Umarni ne.

Za ki ga tsohuwar takardar a cikin ambulan ɗin nan. Kada ki shiga da ita zauren jarrabawa, kada su ce likita ta zo da satar amsa. Ki ajiye ta a kan teburin ɗakinku na otal. Ta kwana inda ya kamata ta kwana tun farko. Da safe ki rufe ƙofa, ki sa makulli a jaka, ki taka da ƙafarki. In an kira sunanki, sau ɗaya ya isa.

Allah Ya buɗe miki ƙirji, Ya sa abin da kika karanta ya zo miki a kan lokaci. Ya kare ki daga sharrin hanya da na masauki, ke da abokiyar tafiyarki. Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya jiƙan Alhaji Ɗan'azumi. In kin dawo ki zo da takardu biyu, taki da tawa, mu ajiye su wuri ɗaya. Sannan ki ɗaura mini abin awon, zan yi shiru.

Wassalam.

Mahaifinki,
Garba Bungudu